Birnin da Yayana Bai Taɓa Shiga Ba

A tasha Na-Biyu ake kiran yayana, kuma sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa suka tashi suna zaton ba shi da wani. Doguwar bas ɗin da ke ƙetare iyaka direba biyu take ɗauka. Na farko shi ke fita da ita daga tasha yana danna hon, fasinja na kallonsa. Na biyu kuma sai hanya ta yi nisa, kowa ya gaji, ba mai kallon kowa, sannan yake karɓar sitiyari. Yaya ya yi shekara ashirin da wani abu a wannan kujera ta biyu. Ba don bai iya tuƙi ba. Shi dai mutum ne da ba ya iya buɗe baki ya nemi abu a gaban manya, ko da haƙƙinsa ne.

Mu biyu iyayenmu suka bari, shi babba ni ƙarama, kuma da tazara sosai a tsakaninmu. Tun yana saurayi ya shiga tasha. Ya fara da wankin mota, ya koma karen mota, daga nan wani direba mai kirki ya ɗora shi kan sitiyari. Na tashi ina gane dawowarsa da warin baƙin mai tun kafin in ga fuskarsa. Tafin hannunsa duk kanta, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka saboda jan giyar mota. Bai taɓa kifar da mota ba, ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma ban taɓa jin kamfani ya ce masa sannu ba.

Amma ku zo gida ku ga ikon Allah. Mutumin nan da ba ya iya haɗa ido da manaja, da ya sako ƙafa a ƙofa sai bakinsa ya buɗe kamar famfo. Tun kafin ya ajiye jaka yake fara ba da labarin birnin da bas ɗinsu ke zuwa a can wata ƙasa. Ya ba mu labarin gada mai hawa biyu, da tsohuwar kasuwa mai rufin gilashi, da hasumiya mai agogon da ake jin bugunsa ko'ina a gari, da kogin da ya raba birnin gida biyu. Ya fi jin daɗin labarin 'yan yawon buɗe ido, masu shiga motarsa da jakar goyo wadda ta fi su girma. Ya ce mutane ne masu rufin asiri, amma sai su bar gidajensu su riƙa kwana a masauki mai arha, suna yawo da ƙafa har takalmi ya cinye, sai ka ce an aike su. Maƙwabta kan taru idan ya dawo. Mu da ba mu taɓa ganin kan iyaka ba, mun san layin da ke ƙamshin burodi a wancan birni, mun san mai sayar da jarida mai hannu ɗaya.

Mutum ɗaya ce ba ta zama a wannan taro, wato matarsa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da injin niƙa a ƙofar gida, kuma da shi ta riƙe gidan duk lokacin da yake hanya. Ni Matar Yaya nake ce mata, ita kuma Rediyo take ce min, wai ba a kashe ni sai an ɗauke wuta. Shi kuwa Direba take kiransa. A farkon aurensu ita ce kan gaba wajen sauraro, har ta riƙa tambaya tana dariya. Daga baya abin ya canza. Idan ya dawo ba ta tashi ta karɓi jaka. Iyakarta ta ce, ka dawo daga yawon naka, ta nuna masa inda abinci yake. Gaskiya na daɗe ina jin haushinta. Na sha faɗa wa mijina cewa matar nan zuciyarta dutse ce, mutum ya kwaso hanya irin wannan ko sannu da zuwa ba zai samu ba.

Na san lokacin da abin ya canza, ko da yake a lokacin ban haɗa shi da komai ba. Suna da yaro namiji, na biyu a haihuwa, mai wayo, wanda bai daɗe da fara magana sosai ba. Zazzaɓi ya kama shi bayan uban ya tafi, kuma bai ɗauki lokaci ba. A wancan zamanin ba waya a hannun kowa, ba yadda za a sanar da mutumin da ke kan hanya. Aka yi abin da za a yi, aka kai yaro makwancinsa. Muna zaune a falo, mata cike, sai ga Yaya. Ta lungun baya ya biyo, shi ya sa bai haɗu da kowa ba. Tun daga ƙofa muka ji muryarsa yana cewa yau ya zo da sabon labari, ya gano wani benci a bakin kogi ƙarƙashin wata bishiya mai jan fure, ya zauna a kai har la'asar, iska na kaɗa shi, bai ma so tashi ba. Sai ya ga takalma a bakin ƙofa. Sai ya ga fuskokinmu.

Ba ta ce masa komai ba, ranar ko bayanta. Shi kuma bai san yadda ake lallashin mutum ba sai da labari, don haka ya ci gaba da kawo mata birni a baki. Bencin nan ya zama wurinsa. Duk tafiya sai ya ce ya je ya zauna a kai ya tuna yaron. Yau ya ce furen ya zubo, gobe ya ce an yi wa bencin kore fenti, wata rana ya ce daga nan ana hango agogon hasumiya. Da ya fara, sai ta tashi ta je ta tayar da injin, ko ba mai niƙa.

Haka suka tsufa. Idonsa ya fara rauni, kamfani ya sallame shi da musafaha da addu'a. Ya dawo gida ya zauna, yana taya ta ɗaura bel a injin, yana share gari daga ƙasa, ba faɗa, ba hira. Sai ciwo ya same ta. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Aka yi ta zaryar asibiti, ƙarshe likita ya kira babbar 'yarsu gefe ya ce a kai ta gida, a ba ta duk abin da ranta ke so. Da aka tambaye ta abin da take so, kowa ya zaci za ta ce a kira mata 'yan'uwanta. Sai ta ce birnin Direba za ta je.

Yara suka yi ta magiya, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce sai ta je. Ba kuma a ƙaramar mota ba. A bas ɗin kamfaninsa za ta tafi, da jakar goyo a bayanta irin ta mutanen da yake ba da labari, ta kwana inda suke kwana, ta taka garin da ƙafarta. Ta ce ba ta damu da ganin komai da komai ba, amma bencin nan sai ta zauna a kai.

Washegari Yaya ya zo shagona. Ina da ɗan kanti a bakin titi, kayan masarufi nake sayarwa. Ya jira har mai sayen sabulu ta fita, ya zauna kan buhu, ya cire hula yana juya ta a hannu.

Ya ce, "Ke, ban san garin nan ba."

Na ce wane gari.

"Garin. Ban taɓa wuce ƙofar tasha ba."

Na zaci zolaya ce, sai na ga ba wasa a fuskarsa. Ya ce ƙa'idar aiki ce dole direba ɗaya ya tsaya da mota, kuma na biyu ne ke tsayawa. Shi ke shigo da bas da safe, ya miƙa ta ga masu wanki, ya tsaya kan makanikai, ya duba taya da birki, sannan ya samu ya ɗan kwanta a ɗakin direbobi kafin lodi. Na farko ne ke wanka ya sa riga ya shiga gari. Duk abin da ya ba mu, daga bakin fasinja ya tsinto shi, waɗanda ke zama a kujerun gaba suna nuna wa juna hotuna, kwandasta na fassara masa. Sauran kuma shi ya ƙara. Ya ce tafiyarsa ta farko bayan aure matarsa ta tambaye shi yaya garin yake, ya ji kunyar ya ce bango kawai ya gani, sai ya faɗa mata abin da ya ji a mota. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar bai iya dainawa ba.

Na wanke shi soso da sabulu, yayana ne amma ban raga masa ba. Na ce dattijo da kai, ka sa unguwa guda ta haddace garin da ba ka taɓa gani ba, har ni na yi musu da wani ɗan kasuwa a kan rufin gilashin nan. Na ce ya koma gida yanzu ya faɗa mata gaskiya, kafin a ɗora mara lafiya a mota. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Ban ba ta gida mai kyau ba, ban ba ta hutu ba. Garin nan kaɗai na taɓa ba ta. Yanzu da take shirin tafiya zan je in ƙwace?"

Ƙarshe ya roƙe ni in bi su, tunda dama ana bukatar mace a kusa da ita. 'Yata ta buɗe mana hotunan birnin a waya, muka zauna ni da shi muna bita kamar masu shirin jarrabawa. Akwai kogi, akwai gada, akwai hasumiya, hankalinmu ya ɗan kwanta. Na ce masa ai ba kogin da zai rasa benci, duk wanda muka fara gani sai ka ce shi ne.

Jakar goyon babbar 'yarsu ce ta sayo, shuɗiya, mai aljihu ko'ina. Matar Yaya ta zuba magunguna da zannuwa da ɗan bargo, ta sa aka ɗaura mata. Jakar ta kusa rinjayarta baya, amma ta hana kowa taɓawa. Da ita ta taka daga bakin titi har cikin tasha, mutane na kallo, tana tafiya a miƙe kamar ba ita ce jiya ta kasa gama kofin shayi ba. Na ce Matar Yaya, saura ki sa gajeren wando. Ta ce Rediyo, rage murya.

A hanya na ga wani Yaya da ban sani ba. Zaman fasinja ya gagare shi, ƙafarsa sai neman birki take. Ya san kowace kwana kafin a iso ta, ya san inda kwalta ta fashe, da inda shanu ke tsallakawa, da inda ake sauka a sha ruwa. Wannan kam ba wanda ya ba shi labari. Ita tana jikin taga. Ta yi amai, ta wanke baki, ta koma ta jingina. A kan iyaka aka sauke mu, aka tsayar da mu a layi cikin rana ana duba fasfo. Na roƙi wani jami'i ya ba ta kujera, ya ba ta, ta ƙi zama. Tunda muka ƙetare, maganar Yaya sai raguwa take yi.

Da safe muka shiga birnin. Muna sauka, Yaya ya saɓa jakarsa ya yi hagu da sauri, mu ma muka bi shi, sai ga mu a wurin wankin mota. Ƙafarsa ce ta kai shi inda ta saba. Ya tsaya yana waige-waige, bai san ta ina fasinja ke fita ba. Na yi maza na ce ai an canza ƙofa, na ja su muka bi bayan masu kaya. Matar Yaya ta dube shi, ta dube ni.

Masaukin da 'yata ta nema mana irin wanda ta ce tana so ne. Gadaje masu hawa biyu, banɗaki ɗaya a ƙarshen baranda, samari da 'yanmata daga ƙasashe daban-daban sun shanya safa a kan igiya. Suka ga tsofaffi uku da jakar goyo ɗaya, suka yi ta murmushi suna ɗaga mana babban yatsa. Wata yarinya mai gashi kamar zaren buhu ta bar wa Matar Yaya gadon ƙasa. Ba ma jin yarensu, ba sa jin namu, amma ta zo ta gyara mata matashi.

Da ta huta muka fita ganin gari. Hasumiyar na nan, amma gajera ce, an kewaye ta da katako ana gyara, agogon ma a tsaye yake. Kasuwar na nan, rufinta kwano ne kamar na kowace kasuwa. Gadar hawa ɗaya ce. Duk inda muka tsaya sai Yaya ya ce kai, gari ya canza, ni kuma in ce ai haka birni yake, ba ya zama wuri ɗaya. Ya tsaya a bakin titi ya kasa tsallakawa, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan kwalta, sai da wata tsohuwa ta kama hannunsa. Matar Yaya ba ta yi ƙorafin komai ba. Ta kalli hasumiya kamar yadda ake kallon kayan da ba za a saya ba, ta ce to, gobe sai benci.

Washegari muka ɗauki tasi zuwa bakin kogi. Ashe kogin garin ba irin wanda ake zama a gefensa ba ne. Katanga ce ta siminti ta bi shi, a bayanta babban titi, manyan motoci na wucewa da ƙara, sai 'yar siririyar hanya ta masu ƙafa. Ba bishiya, ba inuwa, ba abin zama ko na dutse. Na ce mu koma, wataƙila ɗaya ɓangaren ne. Ta ce a'a, ai ya ce daga bencin ana hango agogo, ga kan hasumiya can, nan ne, mu ƙara gaba. Ta karɓi jakar ta goya, wai haka ta yi niyyar isa wurin.

Muka yi ta tafiya. Rana ta take, numfashinta ya fara fita da ƙara. Ta kan dafa katanga ta tsaya, sai ta ce wataƙila bayan waccan kwanar ne. Mu je kwanar, ba komai sai wata katangar. Na ba ta ruwa, ya dawo. Leɓenta ya yi fari. Na dubi Yaya da ido na ce masa abin da ban iya faɗa da baki ba, ya kau da kai. Can ƙafarta ta ɗauke, ta sulale a jikin katanga, jakar ce ta tare ta ba ta bugu ba. Muka cire mata jakar muka zaunar da ita a kai. Ko a haka sai da ta ce a bar ta ta ɗan huta, yanzu za ta tashi.

Yaya ya durƙusa a gabanta, a kan simintin nan mai zafi.

Ya ce, "Maman yara, babu benci."

Ta ce, "An cire shi?"

"Ba a taɓa sa shi ba. Ni na sa shi. Yau ne farkon zuwana bakin kogin nan, ni da ke."

Ya faɗa mata sauran, kansa a ƙasa, motoci na wucewa suna cinye rabin maganar. Na shirya jin kuka ko zagi, ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta tambaye shi, to duk shekarun nan ina yake zuwa. Ya ce tasha. Ta ce ya kai ta.

Na ce asibiti ya kamata mu nema. Ta ce Rediyo, tsayar da tasi.

Ɗakin direbobi na bayan gareji, sai an bi ta cikin ruwan wankin mota. Wani tsohon maigadi ya gane Yaya, ya rungume shi yana ta magana da yarensu, ya buɗe mana. Ɗaki ne mai gajeren rufin kwano, zafi kamar tanda. Gadajen ƙarfe a jere, katifun sun yi baƙi da mai, sun lotsa a tsakiya. Fanka na rataye ba ta juyawa. Taga ɗaya ce, ita ma bango take kallo. A waje ana dukan ƙarfen taya da guduma, ƙarar har cikin haƙori. Wani direba na kwance da takalminsa, ya rufe fuska da tawul, ko motsi bai yi ba.

Ta tambaya wanne ne nasa. Ya nuna na ƙurya. Ta taka a hankali ta je ta zauna, ta danna katifar da tafin hannu, ta ji ƙarfen da ke ƙasa.

Ta ce, "Ranar da yaron nan ya tafi, nan kake?"

Ya ce, "Nan."

"Me kake yi?"

"Barci. Taya ta fashe mana a hanya, ni na canza. Na shigo na faɗi a nan, ban san inda kaina yake ba sai da aka tashe ni lodi."

Sai a lokacin hawaye ya zo mata. Ba ta ɗaga murya ba, don kada ta tashi mai barci.

Ta ce, "Ni ina can ina jiƙa tsumma ina goga masa, yana kiranka. Ka shigo ka ce kana inuwa iska na kaɗa ka, ba ka ma so tashi ba. Ban taɓa yafe maka bencin nan ba, Direba. Na zo ne in zauna a kai, in ji abin da ke cikinsa, ko zan iya yafe maka kafin in tafi."

Ta share hawaye.

Ta ce, "Da ka ce min ka gaji. Ko sau ɗaya ne. Da na dafa ruwa na gasa maka bayan nan."

Ni da na yi shekaru ina cewa zuciyarta dutse ce, fita na yi na tsaya a bayan wata bas na yi kukana. Na ji tausayinta, na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsu su biyun. Shi yana ta kawo mata abin da ya zaci kyauta ce, ita tana karɓa tana ajiyewa a matsayin laifi, suna kwana ɗaki ɗaya, ba wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa.

Ba mu ƙara ganin komai a birnin ba. Ta ce ya ishe ta. Muka kwashi kayanmu a masauki, muka bi bas ta gaba. Da muka iso gida maƙwabta suka cika falo suna tambayar gada da kasuwa, ta ce gari ne kamar kowane gari, ta nemi a bar ta ta kwanta. Daga wannan kwanciya ba ta ƙara tashi sosai ba.

Kullum na rufe shago nakan biya. Zan same shi a kan kujera a gefen gadonta, hannunta a kan gwiwarsa. Ta hana shi labarin birni. Ta ce na gaskiya take so yanzu, duka, tun daga farko. Me yake ci a can, wa ke wanke masa riga, ya yake yi idan bayansa ya riƙe, ya taɓa rashin lafiya a ɗakin nan ba wanda ya sani? So take ta bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya ta yi masa sannun da ba ta yi ba. Shi kuwa, mutumin da zai iya faɗa maka launin rigar mai jarida da bai taɓa gani ba, sai ya hau sosa ƙeya. Ya ce hanya ce kawai, a je a dawo. Ba ɓoyewa yake ba. Abin da ya ƙirƙira ya riƙe shi tsaf, don ya sha maimaita shi. Nasa ranakun kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba, duk sun narke sun zama rana ɗaya.

Ranar ƙarshe da na ji ta yi magana sosai, ina gefe ina ninke mata zannuwa. Ta ce ya daure ya tuno mata ko abu ɗaya. Ya yi ta tunani, can fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce akwai wata shekara da wata mage ta haihu a ƙarƙashin gadonsa, ya riƙa rage mata madara daga shayinsa, in ya kwanta sai ta hau ta kwanta a kan ƙafarsa. Wata tafiya ya zo bai same ta ba.

Ta rufe ido tana murmushi, ta ce, "Sannu, Direba. Ci gaba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana nema. Ta jira shi, ni ma na tsaya da ninkin ina jira. Sannan ya ce shi ke nan abin da ya tuna.